Ku Tambayi Injiniya: Wai Da Gaske Ƙwallon Dabino Yana Tace Hayaƙin Masana'anta?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan kusan duk saƙonnin da suka shigo akan iska ne, ƙura da hayaƙi da wari, ina jin guguwar ƙurar da ta rufe mu kwanakin baya ce ta tayar da maganar. Na zaɓi guda biyar, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Kamar kullum daga Yanbu nake rubutu bayan na taso daga aiki, to in kun ga magana ta yi tsawo a wani wuri ku yi min uzuri, abin ne ya taɓa sana'ata.

TAMBAYA: Salam Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni a wani masna'in dabino, wato masana'anta, nake aiki anan Madina, muna cire ƙwallo muna markaɗa dabinon muna yin dibis, wato zumar dabino, kullum buhu buhu na ƙwallon ake fitarwa, masu raƙuma da tumaki su saya a arha wani lokacin ma zubarwa ake, to wani ɗan Masar da muke shugul tare yace min wai da shi ake yin gawayin da ake tace iskar kamfanoni kuma wai yana da tsada, ni dai na ɗauka zolayata yake. Dan Allah gaskiya ne? In gaskiya ne zan iya ƙonawa a gida in dinga sayarwa? Daga ɗan'uwanka a Madina.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin aikinka bai zolaye ka ba, ana yi. Larabawa suna ce masa karbon munashshaɗ, mu a nan bari mu kira shi gawayin tacewa. Sai dai tsakaninsa da gawayin da ake gasa nama ko ake ɗora wa shisha akwai tafiya mai nisa.

Ga yadda abin yake. In ka ƙona ƙwallon dabino a cikin rufaffen wuri inda iska ba ta shiga, zai zama gawayi, kuma a cikin gawayin nan akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, amma yawancinsu a toshe suke da kwalta da sauran dattin ƙuna. Aikin masana'anta shi ne ta buɗe ƙofofin. Ko dai a hura masa tururin ruwa a zafin da ya kai digiri 800 zuwa 1000, tururin ya dinga cin gawayin a hankali yana huda shi, ko kuma a jiƙa ƙwallon da asid ɗin fosforik tun kafin a ƙona, a gasa a wajen digiri 400 zuwa 500, sannan a wanke asid ɗin tas. Abin da zai fito, in aka ce za a shimfiɗe bangon ƙofofin da ke cikin giram ɗaya tak, zai iya kai murabba'in mita 1,000, wato giram bakwai sun isa su rufe filin ƙwallo. A jikin bangon nan ne tururin fetur da na tina da wari suke maƙalewa in iska ta ratsa, iskar ta wuce su kuma su tsaya.

Ranar da na fara riƙe shi a hannu, wani tsohon ɗan Indiya da ya koya min aiki ya ce in ɗebi cokali ɗaya in zuba a kofin ruwa in kanga kunne. Wallahi sai ka ji yana ta ƙara shuuu kamar an buɗe lemon kwalba, kumfa tana ta tasowa, iskar da ke ɓoye a ƙofofin ce ruwa yake korowa. Ka gwada da gawayin shisha ka gani, ɗan kumfa kaɗan zai yi ya tsaya yana yawo a saman ruwa.

Kuma abin ba sabo ba ne. A yaƙin duniya na farko da aka fara watsa iskar guba, wani masani ɗan Rasha mai suna Zelinsky ya haɗa takunkumi mai irin wannan gawayin a 1915, a 1918 kuma a Amurka har gangami aka yi mutane suna tara ƙwallon 'ya'yan itace da ɓawon goro irin nasu ana kai wa sojoji don a yi gawayin takunkumi. Duk abu mai tauri da nauyi irin wannan yana ba da gawayi mai ƙarfi da ba ya murƙushewa. Yau yawancin wanda ake sayarwa daga kwal ɗin da ake haƙowa ake yin sa, ko daga ƙoƙon kwakwa a ƙasashe irin su Indiya da Sirilanka da Filifin da Indunisiya. To ka ga mu nan muna zaune a ƙasar da ke fitar da dabino sama da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, ƙwallon kuma wajen kashi 10 cikin 100 ne na nauyin dabino ko ya ɗan fi, amma sai a ɗauko gawayin kwakwa a jirgin ruwa daga can a kawo mana. Jami'o'in ƙasar nan sun daɗe suna gwada ƙwallon dabino kuma yana ba da gawayi mai kyau. Matsalar tana wajen tarawa, don wanda aka ci a gida ko a harami lokacin buɗa baki ya tafi shara, sai irin masna'inku ne kawai yake taruwa wuri ɗaya a tsabtace.

Maganar ƙonawa a gida kuwa, kar ka fara. Murhun gida ba ya kai wannan zafin, hayaƙin da zai fito akwai kabon monoksaid mai kashe mutum ba tare da ya ji wari ba, baladiyya, wato hukumar gari, ma ba za ta bar ka ba, sannan mai saye ba da ido yake saye ba, sai an kai ɗakin gwaji an auna abin da suke kira lambar aidin, wato ma'aunin ƙarfin zuƙar gawayin, mai kyau yana kai 900 ko 1,000, naka na gida ko kusa ba zai je ba. In kana son ka ci kasuwar, ka tsaya a inda ƙarfinka yake: ku yi magana da mudir, wato manajanku, a dinga wanke ƙwallon ana shanyawa ana zubawa a buhu mai tsabta. Ƙwallon da ya bushe babu danƙon dabino a jikinsa ya fi daraja ko a wajen masu abincin dabbobi.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki. Shekara shida kenan ina yankan ruham, wato dutsen mabul, da giranit a wata warsha, wato shagon aiki, a Sana'iyya anan Jidda, yanzu kuma an fi kawo mana irin dutsen nan na haɗi da ake yin teburin kicin, da saruk, wato injin yanka mai faifai, muke yanka a bushe ƙura ta turnuƙe ko'ina, ina ɗaura shimag, wato rawanin Larabawa, a hanci wani lokacin kammama, wato takunkumi, ta asibiti, in mun tashi kuma kowa ya sha laban, wato nono, wai yana wanke ƙirji. Kwanan nan in na hau bene sai numfashina ya dinga yin sama sama. Akwai filta mai sauƙin kuɗi da zan ce mai warsha ya saya? Ƙaninka daga Karantina.

AMSA: Ƙanena, saƙonka ne ya fi tsaya min a rai, don haka kafin maganar filta, ka je asibiti a cikin satin nan a yi maka hoton ƙirji da gwajin numfashi, kuma ka faɗa wa likita da bakinka irin dutsen da kake yanka da shekarun da ka yi, kar ka ce masa tari kawai kake.

Ruham na asali silikar da ke cikinsa, wato sinadarin nan na yashi da ƙurarsa ke ɓata huhu, kaɗan ce. Giranit yana da ita sosai. Wancan dutsen haɗin kuwa, wani yana wuce kashi 90 cikin 100 silika zalla aka niƙa aka haɗe da danƙo, shi ya sa Ostiraliya ta haramta shi gaba ɗaya daga 1 ga Yulin 2024 bayan samari masu irin aikinka sun yi ta kamuwa da ciwon huhun da ake kira silikosis. Ƙurar da ke yin ɓarnar ba wadda kake gani tana sauka a gira ba ce, wata ce da ta fi silin gashi sirantaka sau goma ko fiye, ta wuce hanci ta wuce maƙogwaro ta je can ƙasan huhu ta zauna, huhun ya dinga yin tabo yana ƙandarewa, kuma tabon ba ya warkewa, yana ma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Laban ciki yake tafiya, ƙura kuma huhu, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Ka sha don daɗi da ƙoshi. Shimag da kammamar asibiti kuwa ta gefe da gefe ƙurar take shiga.

Abu mafi arha kuma mafi aiki shi ne ruwa. A yanka dutse ruwa yana zuba a kan faifan, ƙurar ta zama taɓo tun ba ta tashi ba, a tara ruwan a kwatami ya kwanta a sake amfani da shi, a kwashe taɓon tun yana da danshi, kar a bari ya bushe a zo ana sharewa da tsintsiya ko a hure da kwamfaresa. Na biyu, bututun zuƙa a daidai bakin inda ake yankan, ya kai ƙurar cikin akwatin jakunkuna.

Bari in kwatanta maka akwatin nan, don irinsa ne a kamfanonin siminti, girma ne kawai ya bambanta. Ka ɗauka dogayen safa ne na ƙyalle a rataye a jere cikin ɗakin ƙarfe, fanka tana jawo iska mai ƙura ta ratsa ƙyallen, ƙurar ta tsaya a waje ta yi ɓawo, kuma abin mamaki ɓawon nan shi ne yake yin yawancin tacewar, sabuwar jaka fil ba ta kai wadda ta ɗan yi aiki kamawa ba. Lokaci lokaci sai ka ji bum, an harbo iska mai ƙarfi cikin jakar ta girgiza, ɓawon ya zube ƙasa cikin mazurari. In komai lafiya yana kama sama da kashi 99 cikin 100. Ƙyallen ya danganta da zafin iskar, foliyesta ba ta son a wuce wajen digiri 135, zaren aramid yana kai 200, zaren gilashi 260. Na warsha irin taku foliyesta ta isa.

Na taɓa aiki a wani kamfani, ba zan kama suna ba, jakunkuna uku suka yage, allurar gejin da ke auna matsin iska a akwatin ta faɗi ƙasa kowa yana gani, mai gidan ya ce a bari sai ƙarshen wata. Da safe in ka fito motoci duk sun yi fari kamar an barbaɗa musu gari. Akwatin yana nan, fanka tana ta ƙara, amma iska ta samu huda tana bi. To in mai warsha ya saya, a samu wanda zai dinga duba gejin kullum.

Takunkumi shi ne na ƙarshe a layi. N95 shi ne mafi ƙaranci, na roba mai filta P100 ko P3 ya fi shi nesa ba kusa ba. Sai magana ɗaya da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba: gemu yana hana takunkumi manne wa fuska, iska ta gefen take shiga. Ban ce kowa ya aske ba, akwai irin mai hular da ke rufe kai duka da 'yar fanka mai batir a ƙugu, wannan yana aiki da gemu, tsada ce kawai gare shi.

TAMBAYA: Malam ni samkari ne, wato mai gyaran jikin mota, ina feshin fentin mota a Riyad, na ji ana cewa gawayi yana zuƙe wari sai na daka gawayin shisha na ɗinke a cikin ƙyalle biyu ina ɗaurawa, kuma kamar warin ya ragu, ya ka gani?

AMSA: Ka yi dabara amma ka cire shi yau ɗin nan. Amsar farko ta riga ta nuna maka gawayin shisha ƙofofinsa a toshe suke, ga shi ka daka shi kana shaƙar garin, an gudu ba a tsira ba kenan. Ragin warin da ka ji, hancinka ne ya saba. Abin da kake buƙata takunkumin roba mai gwangwani biyu, wanda a cikinsa akwai gawayin tacewa na gaske, irin na Turai layi ruwan ƙasa ne a jikinsa da harafin A, irin na Amurka baƙi, a ɗora masa filtar ƙura a sama don ta tare ɗigon fentin. Gwangwanin cika yake kamar soso, kuma ko a rataye a ƙusa yana ci gaba da zuƙar tururin tina da ke warshar, don haka in ka tashi ka sa shi a leda ka ɗaure, in ka fara jin wari a ciki to ya riga ya wuce lokacin canji. Fentin nan mai haɗi biyu da ake zuba wa hadna don ya ƙandare kuwa akwai sinadarin aisosayanet a ciki, yana jawo asma mai tsanani kuma hanci ba ya jin sa sai ya yi yawa, shi kam abin da ya dace ɗakin feshi mai zuƙe iska da takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. Af, kai da kake cikin motoci, akwai gwangwanin gawayin tacewa a motocin fetur na zamani, yana kama tururin tanki ya miƙa wa inji ya ƙone, ka tambayi makanike ya nuna maka.

TAMBAYA: Ɗana Allah ya yi maka albarka. Ni tsohuwa ce a Sharar Mansur a Makka, sana'ata haɗa turaren wuta da humra, kullum kasko a kunne ina gwada kaya, jikata tana da asma. 'Yata ta ce mu sayi injin tace iska, maƙwabciya kuma ta ce shuke-shuke a tukunya sun isa. Wanne za mu yi?

AMSA: Amin Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Shuke-shuke ado ne, ku ajiye don sha'awa, amma abin da suke zuƙa kaɗan ne ƙwarai, buɗe taga na minti goma ya fi tukwane cike da falo. Injin yana taimakawa in an sayi mai filtar HEPA, wadda ke kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin hayaƙi, da faifan gawayi mai ɗan nauyi a bayanta saboda wari. A sa shi a ɗakin da yarinyar take kwana, a rufe ƙofa. In mai shago ya ce nasa yana fitar da ozon ku bar masa kayansa, ozon yana tayar da asma. Amma Hajiya gwajin turaren a mayar da shi saman bene ko kusa da fankar kicin mai fitar da iska, kuma kar a bar garwashi a ɗaki a rufe da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kunne, don babu filtar gida da ke kama kabon monoksaid.

TAMBAYA: Yaya ina karatun kemistiri a jami'a anan Jidda, an ba mu aiki akan kayan tace iska masu ɗorewa da ba sa cutar da muhalli, na ga ana ta maganar wasu sinadarai masu ƙofofi da ake kira MOF tun da aka ba da kyautar Nobel, shin su ne za su maye gurbin gawayi? Ƙanwarka.

AMSA: Ƙanwata Allah ya ba da sa'a. Eh, Nobel ta kemistiri ta 2025 an ba Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi ne akan MOF, shi Yaghi haifaffen Amman ne kuma Saudiyya ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2021. MOF kamar ginin keji ne, ƙwayoyin ƙarfe a kusurwa, sandunan sinadari suna haɗa su, mai ginin shi yake zaɓar girman ƙofar don ta kama iskar da yake so ta bar sauran. Wasu faɗin cikinsu ya wuce murabba'in mita 6,000 a giram ɗaya. A nan kusa da ke, jami'ar KAUST da ke Suwal suna aiki a kansu sosai, akwai kuma wani mai suna CALF-20 da aka gwada wajen kama kabon dayoksaid a kamfanin siminti a Kanada.

Amma maye gurbi? Ni ban ga alama nan kusa ba. Da yawansu suna da tsada, wasu ba sa jure danshi, kuma kin san danshin Jidda da Jubail, sannan haɗa wasunsu yana cin sinadarai masu guba. In ni ne malaminki, tambayar da zan fara yi miki akan kowane abu ita ce, in ya cika ina ake kai shi? Filta ba ta ɓatar da guba, tattara ta take wuri ɗaya. Gawayin da ya zuƙi tina a kamfanin ɗab'i ana hura masa tururi a dawo da tinar a sake aiki da ita, wanda ya gaji kuma a mayar da shi tanderu a sake buɗe ƙofofinsa, a yi asarar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 kawai a kowane zagaye. Amma wanda aka jiƙa da farar wuta don ya kama zaiba, in ya cika ya zama shara mai haɗari, ba a zubar da shi a juji. Ki kuma rubuta cewa tulin gawayi yana iya ɗaukar zafi har ya kama wuta in ya zuƙi asiton da 'yan uwansa da yawa, mu da muke wurin wannan ne yake hana mu barci.

Misalan da za su ƙara wa aikinki nauyi suna nan gida. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke fitowa tare da gas, ana juya ta ta zama farar wuta, a yi asid da ita, a yi takin fosfet a Ras al-Khair. Kamfanin SABIC ya buɗe wata masana'anta a Jubail a 2015 da za ta iya tace tan 500,000 na kabon dayoksaid a shekara, a tura shi wajen yin takin yuriya da mesanol da kuma kamfanonin lemo. A tashoshin wuta masu wanke hayaƙi da ruwan farar ƙasa, abin da ke fitowa jibs ne, a Jamus an daɗe ana yin allon silin da shi. Akwai kuma matatar ƙwayoyin halitta, tulin ɓawon itace da taki mai danshi da ake tura wa iska mai wari ƙwayoyin su cinye, arha ce sosai, sai dai a zafinmu in ba a yayyafa mata ruwa kullum ba bushewa take ta mutu.

In ana barin ku ku yi gwaji, ki nemi ƙwallon dabino kilo ɗaya, ku gasa rabi da asid ɗin fosforik rabi ku bar shi gawayi kawai, ki auna lambar aidin na kowanne, ki kwatanta da na kwakwa da ake sayarwa. Ɗan'uwanmu na Madina da ya yi tambayar farko yana da buhu buhu, ki turo saƙo ta adireshin mujalla in haɗa ku, ki kuma turo min lambobin da kika samu in buga su a wannan shafin.